In wuta ta ɗauke, ina makomar mesa da kunkuru? Darasi daga masu kiwon dabbobi masu jan ciki a Amurka

Idan aka ce wa mutumin Maraɗi ko Damagaram akwai wanda ke kwana bai runtsa ba saboda macijinsa na jin sanyi, dariya zai yi, ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe. Mu a nan, in maciji ya shigo gida sanda ake nema, yara su watse, mata su yi kururuwa. Amma a Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane da yawa da ke kiwon macizai, ƙadangaru da kunkuru cikin ɗakunansu kamar yadda muke kiwon tantabaru ko zomaye. A Amurka kaɗai, ƙididdigar masu sana'ar dabbobin gida ta 2023 ta nuna kimanin gidaje miliyan 6 ne ke da irin waɗannan dabbobi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu a yau biyu ne. Na farko, da yawa daga cikin dabbobin nan asalinsu ƴan yankinmu ne na Afirka ta Yamma, wasu ma ƴan Nijar ne. Na biyu, matsalar da masu su ke fuskanta in wutar lantarki ta ɗauke, wato yadda za a riƙe ɗumi da yadda za a hana abin da ke cikin kwanjalatar lalacewa, matsala ce da kowane magidanci a ƙasar nan ya san zafinta.

Daren da Teksas ta shiga duhu

A tsakiyar watan Fabrairu na 2021 wani mugun sanyi ya sauko wa jihar Teksas da ke kudancin Amurka, jihar da aka fi sani da zafi. Ranar 16 ga watan, ma'aunin sanyi a birnin Dalas ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifili. Rijiyoyin iskar gas da bututunta suka daskare, tashoshin samar da wuta suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, alhali kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Tun daren 15 ga wata hukumar ERCOT, mai kula da layukan wutar jihar, ta ba da umurnin a yanke wa jama'a wuta domin kada komai ya rushe gaba ɗaya. Daga baya shugabanninta suka bayyana cewa minti 4 da daƙiƙa 37 kawai suka rage layin ya faɗi ɗungurungum. Da yake mafi yawan Teksas layinta a ware yake daga na sauran jihohi, ba ta iya jawo isasshiyar wuta daga maƙwabta ba.

Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4 da rabi ne suka zauna cikin duhu, wasu har kwana uku ko huɗu. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasa rayukansu. Dabbobi ma ba su tsira ba. A tsibirin Sawut Padire da ke gaɓar teku, sanyi ya sandarar da kififiyun teku, domin in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 ba sa iya motsi, sai igiyar ruwa ta watso su bakin gaɓa. Ƴan sa-kai suka riƙa kwasarsu da motoci da kwale-kwale, aka tara kusan 5,000, har aka cika babban zauren taron garin da su. Ita kanta cibiyar da ke kula da su ba ta da wuta, sai da kamfanin SpaceX ya kawo mata babban gurup.

A cikin gidaje kuwa, masu kiwon mesa da ƙadangaru sun shiga wani hali. Fitilun ɗumi sun mutu, tabarmin ɗumi sun huce, ɗakin da ake kwana cikinsa ya koma kamar firijo. Wanda ya yi tanadi ya fitar da dabbarsa lafiya, wanda bai yi ba ya wayi gari ya tarar da ita sanƙare.

Ƴan gidanmu ne a baƙon wuri

Macijin da ya fi kowane farin jini a wannan kiwo shi ne ƙaramar mesa, wadda Faransawa ke kira piton ruwayal. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma in ta ji tsoro sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Ita ce ake girmamawa a ɗakin tsafin macizai na garin Wida da ke Binin. Daga ƙasashen Togo, Binin da Gana aka fi fitar da ita, kuma tun daga shekarun 1970 an fitar da fiye da miliyan 3, galibi zuwa Amurka. A hannun mai kula tana iya yin shekara 20 zuwa 30.

Sai damo, sarkin haƙuri, wanda shi ma daga waɗannan ƙasashe uku ake kai ƴaƴansa. Sai wani ƙadangare na hamada mai ƙayoyi a wutsiya, wanda Larabawa ke kira dabbu, ana samun irinsa a duwatsun arewacin Nijar, Mali da kudancin Aljeriya. A kasuwar Amurka ma da sunan ƙasarmu ake tallarsa. Sai kuma babban kunkurun Sahel, wanda wasu ke ajiyewa a tsakar gida a Yamai da sauran garuruwanmu. Shi ne kunkurun tudu na uku a girma a duk duniya, yana iya wuce kilo 50, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 70. Tun shekara ta 2000 Amurka ta hana shigo da shi daga Afirka saboda kaska da yake ɗauke da ita mai yaɗa cutar dabbobi, don haka waɗanda ke can yanzu a can ake ƙyanƙyashe su. Amma ko an haife shi a birnin Shikago, jikinsa na Sahel ne, rana yake nema.

Duk waɗannan dabbobi ba sa samar da ɗumin jikinsu da kansu kamar mutum ko akuya. Daga waje suke karɓarsa. Shi ya sa kake ganin ƙadangare da safe a kan katanga yana shan hantsi kafin ya fara farauta. In ɗumi ya yi ƙasa, bugun zuciya ya ragu, narkewar abinci ta tsaya, garkuwar jiki ta raunana. A daji kowace na da dabararta: mesa na shiga ramin ɓera ko suri, kunkuru na haƙa rami mai tsawon mita da yawa inda zafi da sanyi ba sa canzawa sosai. A cikin akwatin gilashi kuwa babu rami, babu rana. Wayar lantarki ce ta maye gurbinsu duka biyu.

Kayan ɗumi da abin da suke ci

Mai kiwo yakan shirya akwatin ta yadda gefe ɗaya zai yi ɗumi, ɗaya kuma ya yi ɗan sanyi, domin dabbar ta zaɓi inda take so. Ga ƙaramar mesa, gefen ɗumi digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen kuma wajen 25 zuwa 27. Ƙadangaren hamada ya fi haka buƙata, wurin shan ranarsa yakan haura digiri 45. Kayan da ake amfani da su sun haɗa da tabarmar ɗumi da ake shimfiɗawa ƙarƙashin akwati, mai cin wat 10 zuwa 20. Da ƙwan yumɓu mai ba da zafi ba haske, mai cin wat 60 zuwa 150. Da fitilar shan rana. Da wata fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana da ke taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. A kan su duka akwai na'urar daidaita zafi, wato tamostat, wadda ke kashewa da kunnawa da kanta.

Lissafin wat ɗin nan yana da amfani ranar da wuta ta tafi. A ɗauki batir irin na mota ko na sola, mai bolt 12 da amfiya 100. A takarda yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, sannan na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida tana cin nata rabo. Abin da zai rage bai wuce 500 ba. Idan ka haɗa ƙwan yumɓu mai wat 100, awa 5 kawai zai yi. Idan tabarma mai wat 15 ka haɗa, za ta wuce awa 30. Saboda haka masana kiwon ke cewa a kashe fitilu duka, a bar tabarma kaɗai. Rashin haske na ƴan kwanaki ba ya kashe dabbar, sanyi ne ke kashe ta.

Abin da ake yi in wuta ta tafi

Mataki na farko shi ne a daina ba da abinci. Wannan zai ba mai karatu mamaki, domin mu a ganinmu mai jin sanyi abinci yake buƙata. Amma maciji ba ya narkar da abin da ya haɗiya sai da ɗumi. In ya ci ɓera sannan jikinsa ya huce, ɓeran zai fara ruɓewa a cikinsa, ko dai ya amayar da shi ko ya kamu da ciwo mai kisa. Babbar mesa dama sau ɗaya take ci cikin kwana 10 zuwa 14, kuma tana iya yin makonni ba ta ci komai ba ba tare da ta galabaita ba. Waɗanda suka saba ma, da zarar sun ji hasashen yanayi ya ce guguwa na tafe, sai su ɗage ciyarwa.

Mataki na biyu, a rage girman wurin da ake son ɗumamawa. Babban akwatin gilashi da sauri yake zubar da zafi. In yankewar ta awa ɗaya ko biyu ce, ya isa a rufe shi da bargo, a bar ƴar kafar iska, a daina buɗewa. In ta zarce haka, sai a sa macijin cikin jakar yadi irin rigar matashin kai, a ɗaure bakin, a sa shi cikin kula irin wadda masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ke amfani da ita. Kular da ke hana zafi shiga, ita ce kuma ke hana shi fita. A huda mata ƴan ramuka, a sa ma'aunin zafi a ciki domin kada a yi aiki da ƙiyasi.

Mataki na uku, a samo ɗumi. Mafi sauƙi shi ne buteli da aka cika da ruwan ɗumi, aka naɗe da tawul, aka ajiye a gefe ɗaya na kular, ana sauya ruwan bayan ƴan awoyi. Akwai kuma wasu ƴan ƙunshi masu garin ƙarfe a ciki, waɗanda ke fitar da zafi in iska ta taɓa su. Masu aika dabbobi ta jirgi ne ke amfani da su, akwai na awa 40, akwai na awa 72. Irinsu da mutane ke sawa a aljihu don ɗumama hannu ba a so, domin zafinsu na iya kaiwa digiri 60. Kowane iri ne kuma yana shan iskar da ke cikin kular, shi ya sa ramukan nan suka zama dole. Babban sharaɗi shi ne kada abin zafi ya taɓa fatar dabbar kai tsaye. Maciji na iya kwanciya a kan abin da ke ƙona shi bai gusa ba, sai daga baya a ga cikinsa ya sale.

In duk wannan ya gagara, saura jikin ɗan Adam, wanda ke riƙe da digiri 37 dare da rana. A Teksas mutane sun sa jakar macijinsu cikin riga, suka lulluɓa da bargo. Wasu sun shiga mota suka kunna na'urar ɗumi, wasu suka kwashi dabbobin zuwa gidan ƴan uwa da ke da wuta.

Ranar da wuta ta dawo ma akwai hattara. Dabbar da ta sha sanyi ba a jefa ta ƙarƙashin fitila mai zafi nan take, a hankali ake ɗaga ɗumin cikin awoyi. A duba tamostat ko dawowar wuta da ƙarfi ta ƙona shi, domin in ya lalace tabarma za ta yi ta zafi babu mai tsayar da ita. A jira kwanaki dabbar ta warware kafin a ba ta abinci. In aka ga tana numfashi da baki buɗe, ko kumfa na fita a hancinta, ciwon huhu ne ya kama ta, sai wajen likitan dabbobi.

Ɓerayen cikin kwanjalatar

To me maciji ke ci a birnin da babu gona? A can akwai gidajen kiwon ɓera da kusu na musamman, ana kashe su, a daskarar, a sayar cikin leda bisa girma, tun daga jinjirin da bai fitar da gashi ba har zuwa babba. Mai kiwo yakan sayi na wata uku ko shida a lokaci ɗaya domin ya fi araha, ya ajiye a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan wuta ta tafi, wannan jari ne ke cikin haɗari.

Ƙa'idar da hukumomin kula da abinci na Amurka ke bayarwa ita ce: kwanjalatar da ke cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48, in rabi ce, awa 24, firijo kuwa awa 4 kawai. Saboda haka ake cike gurbin da ya rage da butelan ruwa tun ana da wuta, su daskare su zama ƙanƙara. Ana tara kayan wuri ɗaya, ana lulluɓe na'urar da bargo, kuma ba a buɗewa don a leƙa. Wata dabara mai sauƙi ita ce a daskarar da ruwa cikin kofi, a ɗora kwabo a kai, a bar shi ciki. In ka dawo daga tafiya ka tarar da kwabon a gindin kofi, ka san kayan sun narke sun sake daskarewa, ko da kuwa yanzu sun yi tauri kamar dutse.

Abin da har yanzu ke da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Abin da ya narke ya wuce digiri 4 fiye da awa 2, zubarwa ake yi. Ɓera ma ya fi nama saurin lalacewa, domin da hanjinsa da komai aka daskarar da shi, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Babbar barazana ita ce ƙwayar salmonela mai sa zazzaɓi, ciwon ciki da gudawa. A shekara ta 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta danganta rashin lafiyar mutum 41 a jihohi 21 da daskararrun ɓerayen abincin macizai. Shi ya sa ake cewa a ware su daga abincin mutane, kada a narkar da su cikin kwanon girki, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su. Dabbobin kansu ma na ɗauke da wannan ƙwaya a kashinsu. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai santimita 10 ba, saboda yara na sa su a baki. Yara ƴan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu raunin jiki su ne suka fi shiga haɗari.

Kada garin neman gira a rasa ido

A cikin mutum 246 da suka rasu a Teksas, 19 hayaƙi mai guba ne ya kashe su, ba sanyi ba. Wasu gurup suka kunna cikin gida, wasu gawayi suka hura a ɗaki, wasu mota suka bari tana aiki cikin gareji a rufe. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, sai barci ya ɗauke mutum, daga nan shi ke nan. Ƙa'ida ita ce gurup ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Wannan gargaɗi namu ne kai tsaye, domin lokacin hunturu nawa ne cikinmu ke shiga ɗaki da kaskon gawayi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma?

Abin da ya shafe mu

Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A wancan lokaci kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga can take zuwa, kuma ba a maido da ita ba sai watan Maris na 2024. Masu sayar da kifi, kaji, yawur da ƙanƙara su ne za su ba da labarin abin da suka gani. Ƙa'idojin da muka kawo a sama na awa 48, awa 24 da awa 4 a kan ɗaki mai matsakaicin yanayi aka gina su. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke kaiwa digiri 45 a Tawa ko Birnin Ƙonni, lokacin ya fi haka gajarta. Naman da ya narke ya ɗumama, sake daskarar da shi ba ya gyara shi, kuma wanda ya sayar da shi ga jama'a ya ɗauki alhaki.

Ga masu kunkuru a tsakar gida kuwa, mu matsalarmu ta fi karkata ga zafi. Dabba mai jan ciki da aka tsare a rana babu mafaka, cikin ɗan lokaci take mutuwa, fiye da saurin da sanyi ke kashe ta. A bar mata ƙasa mai laushi da za ta haƙa rami, a yi mata inuwa, a ajiye ruwa cikin kasko marar zurfi. Da hunturu kuma, musamman a arewa inda dare ke yin tsananin sanyi, kada a toshe mata ramin, shi ne bargonta. Yara su wanke hannu bayan sun yi wasa da ita.

A kuma tuna cewa kunkurun Sahel yana ƙarewa a daji, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa. Cinikinsa tsakanin ƙasashe na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, kuma a gida akwai doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji. Wanda ya ɗauko dabba daga inda Allah ya ajiye ta, ya raba ta da raminta da ranarta, to ya ɗauki nauyin samar mata da madadinsu, ko akwai wuta ko babu. Wanda ya san ba zai iya ba, ya bar ta a dajinta.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu, amin.